Kalma Ɗaya da Ta Rage a Bakin Baba

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. Da an tashi cin abinci a kamfanin robar da nake aiki a Sharaɗa, sai abokan aiki su kewaye ni a gindin darbejiyar bakin ƙofa: yaya hanya, yaya jikin tsoho, me ya sa na dawo ni kaɗai? A cikin kamfani dai ba a hira. Ƙarar inji ba ta barin kowa ya ji kowa, da fito da ɗaga hannu muke wuni. Ɗan lokacin da ake ba mu a waje kuwa ba ya isar labarin, kullum ina tsakiya ake kaɗa ƙararrawa. Shi ya sa na ce bari in zauna in zayyana shi daga farko, kowa ya huta.

Mahaifina, Malam Idi, ya daɗe yana gadin wani sito a Bompai. Asalinsa mutumin Rijiyar Kalgo ne, wani ƙaramin ƙauye arewa da Damagaram. Ni a Ɗorayi aka haife ni, ban taɓa taka ƙasar tasu ba. Bayan rasuwar mahaifiyarmu ya ce ya gaji da hayaƙin tireloli, ya tattara ya koma garinsu kiwo. Wanda ya san shi ya san mutum ne mai magana. Direbobi sukan gama sauke kaya su ƙi tafiya don labarinsa bai ƙare ba. Bayan ya koma ma, in ya kira ni, sai cajin waya ya mutu muke rabuwa.

Wata safiya ƙanwarsa, Gwaggo Zinaru, ta kira ni. Ta ce ya faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kuma baki ya tafi. Muka taru ni da yayata Asabe da sauran 'yan'uwa, aka yanke shawara in je in ɗauko shi, a yi jinyarsa a Kano kusa da asibiti. Na nemi hutu a wurin aiki, aka ba ni.

Daga tasha na shiga motar Kwangwalam, ta hanyar Daura. Mu shida a kujerar mutum huɗu, ni a gefen ƙofa, ƙarfen gilashi yana cin kafaɗata. Wata mata ta sa an ɗaure mata 'yar akuya a but ɗin motar, ba ta daɗe da barin nono ba. Tun daga Kano 'yar akuyar nan take kuka, murya ɗaya, ba ta sauya ba har muka wuce Kazaure.

Wani dattijo da ke gaba ya juyo ya ce, "Uwarta take kira."

Direba ya ce, "Yunwa ce, Baba. Ko zafin but."

"Kai dai ba ka sani ba. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa."

Mai akuyar ta ce, "To ku masu hankali ku tambaye ta mana, a raba gardama."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba, domin maganar ta taɓa inda ke mini ciwo. Duk hanyar nan abin da nake tunani ke nan: in na isa, yaya zan tambayi Baba, kuma da me zai ba ni amsa?

A kan iyaka aka sauke mu, kowa ya ɗauki kayansa ya taka da ƙafa. Ɓangarenmu ba a daɗe ba. A ɓangaren Nijar wani jandarma dogo ya karɓi katin shaidata, ya juya shi, ya yi mini tambaya da Faransanci. Na ɗauka inda za ni yake tambaya, na gyara tsayuwa na ce, "Damagaram." Ya dube ni, ya dubi abokin aikinsa, sannan ya ce da Hausar da ta fi tawa tsabta, "Sunan mahaifinka ke nan, Damagaram?" Kunya ta kama ni. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, ya miƙo mini katin da hannu biyu, ya ce Allah ya ba shi lafiya. Muna tsaye matar nan ta wuce tana jan 'yar akuyarta. Ba wanda ya tambaye ta takarda. 'Yar akuyar na yin kuka wasu awaki da ke kiwo bayan shingen suka ɗaga kai suka amsa. Ita ba ta nemi tafinta ba. Ni da na yi makaranta har aji shida na sakandare, taku kaɗan daga ƙasata na zama kurma.

Mun shiga Damagaram bayan la'asar. Direban motar da muka hau daga iyaka ya haɗa ni da wani mai masauki kusa da tasha, Alhaji Lawali, wanda ke sauke matafiya a zaurensa. Hausa muke yi da shi, amma sai na riƙa tuntuɓe. Da ya ji zancen Baba ya tambaye ni, "An kai shi likita?" Na ce ai a ƙauye yake, sai dai ko likitan ne zai je. Ashe su asibitin suke kira likita. Makaranta kuma lakwal. Aka kawo mini shinkafa da wake da mai da yaji, da wani burodi dogo kamar sanda, wanda ɓawonsa ya kusa yanka mini dasashi. Bayan nan aka ɗora shayi a kan gawayi. Aka ba ni a ɗan ƙaramin kofin gilashi, baƙi ƙirin, ɗaci kamar maɗaci. Na daure na shanye, na yi godiya na miƙe. Alhaji Lawali ya riƙe mini gefen riga. Ya ce a nan ba a tashi a kofin farko, uku ake sha, kuma na ƙarshen ne mai daɗi. Mu a Kano mai shayi ya zuba maka kofi guda da madara ka kurɓe ka kama gabanka. Su kuwa shayin dalili ne kawai na a zauna a yi magana. Na ce a raina, ashe a nan Baba ya samo halinsa.

Washegari na hau wata a-kori-kura mai zuwa kasuwannin arewa. A saman buhunan gero muka zauna, ƙafafu a waje. Ba mu yi nisa ba iska ta cire mini hula, ina kallo ta yi birgima cikin ƙaya, ba wanda ya ko yi wa direba magana. Wani ya miƙo mini tsohon rawani ya ce in rufe fuska. Sau biyu mota ta kafe a rairayi muka sauka muka tura.

Kusa da ni akwai wata tsohuwa Ba'abziniya, wato Buzuwa, lulluɓe da baƙin zane. Tun da ta ji an ce daga Kano nake ta soma yi mini magana da harshensu. Ba na jin ko kalma. Tana magana tana taɓa gwiwata, ni kuwa sai murmushi da gyaɗa kai. Na ba ta ruwa, ta sha ta ci gaba. Na ba ta dabino, ta karɓa ta ci gaba. A kunnena maganarta ba ta da bambanci da kukan tsuntsu, sai dai na lura akwai damuwa a ciki. Sai da muka tsaya wani ƙauye wani mai sayar da gishiri ya hau, wanda ke jin harsunan biyu. Ya saurare ta, ya juyo gare ni.

"Cewa take ɗanta yana gadi a wani kamfanin fata a Challawa. Sunansa Alhusaini, dogo ne, yana da tabo a goshi. Ko ka san shi?"

Na ce ban san shi ba, amma Challawa ba ta da nisa da wurin aikina.

"Ta ce in ka gan shi ka gaya masa jar raƙumarsa ta haihu, mace. Kuma ita ba ta fushi da shi kan abin da ya faru. Ya zo kafin idonta ya ƙarasa rufewa."

Ashe duk wannan yana cikin abin da na ɗauka kukan tsuntsu ne: mutum da sunansa da tabonsa, da wani saɓani da ya wuce, da makantar da ba ta iso ba tukuna. Mutum guda ya zo ya buɗe, komai ya fito. Na tuna 'yar akuyar but. Ita ko an sami wanda zai buɗe kukanta, abu ɗaya za a tarar: ga ni nan, ba na jin daɗi.

An sauke ni a bakin wata kasuwa, daga nan amalanken jaki ya ƙarasa da ni Rijiyar Kalgo. Gidaje ne na laka da bukkoki, ba su kai unguwa guda ta Ɗorayi ba. Gwaggo Zinaru ta tare ni a ƙofar gida, ƙaramar mace mai kama da Baba har tafiya. Ta riƙe hannuna ta ce, "Habibu, ka daure fa. Yana ji, amma kada ka matsa masa."

Yana zaune kan tabarma a ƙarƙashin rumfa, jingine da bango. Ya rame. Gefen bakinsa ya karkace, hannun dama yana kwance kan cinya kamar ba nasa ba. Na durƙusa na ce, "Baba, sannunku da jiki. Ni ne." Ya ɗora hannun hagu a kaina. Leɓensa ya yi ta rawa, jijiyar wuyansa ta tashi, na ga yana neman sunana kamar mai laluben allura a duhu. Abin da ya fito shi ne, "Madalla."

Gwaggo ta ce tun da ya faɗi ita kaɗai ta rage masa. In yana son ruwa, madalla. In ƙafa na ciwo, madalla. Ranar da aka gaya masa rasuwar abokinsa na ƙuruciya, hawaye na zuba ya ce madalla, har wasu baƙi suka ɗauka ya zautu. Ma'aikacin jinyar da ke ba shi maganin hawan jini a garin kasuwa ya ce wasu bakinsu yakan dawo, wasu ba ya dawowa, sai abin da Allah ya yi.

Da rana ta yi sanyi aka kawo fura da nonon da ban taɓa shan mai kaurinsa ba, da cuku busasshe da ake jiƙawa a shayi. Muna nan sai ga dabbobi sun dawo daga kiwo, sun tsaya can bakin rijiya. Baba ya ɗaga kai. Ya tattara karkataccen bakin nan ya yi wani fito mai hawa da sauka, ya bi shi da ƙyasta harshe. Nan take awaki bakwai ko takwas suka ware daga garken gari suka nufo gidan a guje, wata tsohuwar tunkiya na bin su a baya. Jakinsa da ke ɗaure ya amsa. Suka kewaye shi suna shinshina rigarsa.

Gwaggo ta ce, "Ka gani? Tsakaninsa da su ba abin da ya ragu."

Ban ɓoye muku ba, na ji kishin awakin nan. Duk abin da ke tsakaninsu da shi, zo, tafi, tsaya, ga dusa, yana nan daram. Ni kuwa abin da ke tsakanina da shi duk a cikin magana yake, kuma ita ce ta tafi.

Kwanakin da na yi a can, yawanci a gefensa nake wuni, ba abin yi sai kallon tsakar gida. Akwai wata kaza mai 'yan tsaki. In shirwa ta gifta sama, tana da wani kuka siriri, 'yan tsakin su ɓace ƙarƙashin rumbu. In muzuru ne ya leƙo ta kan danga, kukan daban ne, mai ƙarfi. In ta tono abinci, wani ne kuma. Na yarda da dattijon mota, jawabi ne. Amma wata rana shirwar ta dace, ta sure ɗaya. Kazar ta yi ta kururuwa, jim kaɗan ta koma tono. Washegari ba ta da yadda za ta tara sauran ta ce musu jiya a nan aka ɗauke ɗan'uwanku, gobe kada ku je wajen. Sai shirwar ta sake bayyana sannan kukan zai sake fitowa. Na dubi Baba, tsoro ya kama ni. Na ce ko shi ma haka ya koma, ba jiya ba gobe, sai ƙishirwar yanzu da ciwon yanzu?

Gwaggo ce ta raba ni da wannan tsoron, ba da niyya ba. Ina yanke masa farce, na zo kan ɗan yatsansa na hagu wanda ba shi da kai. Na ce mata, "Gwaggo, wai don Allah mene ne gaskiyar yatsan nan? Mu ya ce mana kura ce ta cije shi yana ƙwato ɗan maraƙi. Direbobin Bompai kuma ya ce musu ɓarayi ne suka sare shi yana kare sito."

Ta ajiye ƙwaryar hannunta tana dariya. "Wace kura? Turmi ne. Inna na daka, ya sa hannu zai saci gari, taɓarya ta sauka. Yana ɗan shekara biyar, ya yi kuka har ya yi fitsari a wando."

Baba ya buga sandarsa a ƙasa. Ya girgiza kai da ƙarfi, ya nuna ta da guntun yatsan, ya ce, "Madalla, madalla," da muryar da na san ta tun ina yaro, muryar da yake musu da ita. Sannan ya buɗe hannun ya yi kamar bakin dabba, ya cafke iska.

Gwaggo ta ce, "Ka ji shi ko? Wai kura ce dai."

Muka yi dariya har na share hawaye, shi ma kafaɗarsa na girgiza. A ranar na san mahaifina yana nan ciki gaba ɗayansa. Akuya ba ta ƙarya, ba ta kuma kare ƙaryar da ta yi shekara hamsin da suka wuce. Daga nan na soma ba shi labarin Kano: wane ya yi aure, an rushe shagon mai shayin ƙofar sito, an gyara titin da yake zagi kullum. Yana bi, yana ɗaga gira inda ya kamata, yana tsaki inda ya kamata.

Saura maganar da ta kawo ni. Na yi ta jinkirta ta, har hutuna ya zo ƙarshe. Wata safiya bayan ya sha koko na zauna gabansa na ce, "Baba, 'yan'uwa ne suka aiko ni. Muna so ku bi ni Kano. Akwai asibiti, akwai masu gasa ƙashi, ga jikokinku. In kun sami sauƙi sai ku dawo."

Ya daɗe yana dubana. Ya ce, "Madalla." Na kasa gane ta yarda ce ko ta ƙi. Na sake tambaya, ya sake faɗa, ransa ya soma ɓaci, ba da ni ba, da bakin nasa. Sai ya miƙo hannu in tashe shi. Ya dogara sanda, ni na riƙe ɓarin da ya mutu, muka fita yana jan ƙafa. Na ɗauka bayan gida za shi. Muka wuce rijiya, muka wuce masussuka, yana hutawa yana ci gaba, har muka isa wani fili da aka kewaye da ƙaya a gabas da gari. Maƙabarta ce.

Ya tsaya kan wani tsohon kabari da aka yi wa alama da fasasshiyar tukunya. Ya nuna shi, ya kai hannu ƙirjinsa ya yi alamar mai shayarwa. Na ce, "Inna ce? Mahaifiyarku?" Ya gyaɗa kai. Sai ya matsa taku biyu zuwa wani wuri da ba kowa. Ya kafa sandarsa a rairayin, ya dafa ƙirjinsa, ya nuna ƙasar. Ya sake dafa ƙirji, ya sake nunawa. Sannan ya juya ya dubi kudu, wajen Kano, ya ɗaga tafin hannu kamar mai yi wa mutum godiya daga nesa, ya girgiza kai a hankali.

Na ce, "Na ji, Baba."

Bai ce madalla ba. Ya jingina da ni, muka yi wa mamatan addu'a, ni a bayyane shi a zuci, muka koma gida.

Ranar da zan tafi ya rako ni har bakin danga. Na durƙusa na ce ya sa mini albarka. Ya tofa a tafin hannunsa ya shafa mini a kai, bakinsa na motsi ba sauti. Gwaggo ta cusa mini cuku da kilishi a jaka, ta ce in bar kuka a gaban mai jinya. Amalanke ya ja, ina waiwaye har rumfar ta ɓace.

Dawowa ba ta da labari, sai dai wannan karon da jandarman ya yi tambayarsa na ba shi amsa daidai. A Ɗorayi Asabe ta tare ni tun daga zaure, tana leƙen bayana.

"Ina Baban?"

"Ya ce ba zai zo ba."

"Ya ce? Da wane bakin?"

Na zaunar da ita na ba ta labarin maƙabarta. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga baya ta ce in sallah ta zo ita ma za ta je.

Saƙon tsohuwar nan ma na isar. Na bi ƙofofin kamfanonin fata a Challawa ina tambayar mai tabo a goshi har na same shi. Da na zo kan maganar ba ta fushi, ya juya mini baya ya daɗe yana gyara rawani.

Yanzu duk Juma'a nakan kira Gwaggo. Da farko takan kara masa wayar a kunne in yi ta zuba, shi yana madalla. Daga baya na roƙe ta wani abu. Na ce ta bari sai dabbobi sun dawo daga kiwo, ta ajiye wayar a gefensa kawai, kada ta ce masa komai. Nakan fita bayan katangar kamfani inda ƙarar inji ta yi sauƙi, in toshe kunne ɗaya da yatsa. Sai in ji iska, in ji guga na bugun bakin rijiya, sannan fiton nan ya taso, mai hawa da sauka, cikakke, ba inda ya karkace. A duk abin da ke fita daga bakin mahaifina, shi kaɗai ne yake fitowa yadda na san shi.

Na san ba ni yake kira ba. Amma nakan ce, "Na'am, Baba."